Alhaji Zulkifilu da Kwamfutar da Ta Ƙi Ninkewa

Akwai wani mai gyaran waya a unguwar Nasarawo, cikin garin Gombe, sunansa Abba Gana. Mutumin Bama ne. Rikici ne ya taso su shekarun baya, ya iso Gombe da iyalinsa, ya fara gyara a kan ɗan teburi a bakin titi har Allah ya buɗa masa ya kama shago.

Shagon ba wani babba ba ne, amma akwai bishiyar darbejiya a ƙofarsa da benci biyu. Inuwar nan ce ta jawo masa majalisa. Kullum bayan la'asar sai ka tarar da dattawa biyu a wurin: Malam Yuguda, tsohon ma'aikacin gona da ya yi ritaya, da Alhaji Zulkifilu, mai gidajen haya a Jekadafari. Tun suna firamare suke tare. Abba Gana yana girmama su, har shayi yake aika musu.

Ran wata Talata sai wani kamfanin ƙasar waje ya sanar da sabuwar kwamfutar hannu, irin wadda samari ke kira tab. A bidiyon tallar, an nuna wani mutum ya ninke ta biyu kamar littafi, ya sa a aljihu. Kamfanin ya ce sai bayan wata uku za ta shiga kasuwa.

Daga ranar nan Abba Gana bai ƙara samun sukuni ba.

Da safe wani ɗan acaɓa ya tsaya, ko injin bai kashe ba, ya leƙo. "Oga Gana, mai ninkewa ta iso?"

"Ba ta fito ba tukuna."

Ba a jima ba wata mata ta shigo da tsohuwar tab ɗin 'ya'yanta a leda. "Malam, so nake ka sa mata abin nan da zai sa ta riƙa ninkewa."

"Hajiya, ai ba sawa ake yi ba. Haka aka ƙera waccan."

"To ka gwada mana. Ba kai ne mai gyara ba?"

Wani saurayi ya zo ya shafe rabin awa yana masa bayanin cewa batirinta ba ya ƙarewa sai bayan mako guda. Wani ya biyo bayansa ya rantse cewa a zafin Gombe narkewa za ta yi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganinta sai a bidiyo, kuma babu wanda ya kawo ko caja a gyara masa.

Da abin ya ishe shi, Abba Gana ya samu kwali ya rubuta da manyan baƙi: MAI NINKEWA BA TA FITO BA. Ya rataye a ƙofa. Sai mutane suka koma shigowa suna nuna kwalin, suna cewa, "Wannan da ka rubuta, yaushe ke nan za ta fito?"

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya faru a majalisa.

Alhaji Zulkifilu ya kamu da son tab ɗin nan kamar me. Ya kalli bidiyon ya fi sau hamsin, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya kalla. Malam Yuguda kuwa tun ranar farko ya ce yaudara ce.

"Abin da ake ninkewa kullum, ai dole wata rana ya tsage," in ji shi. "Kuma an ce ko caja ba sa haɗawa da ita. Wane irin ciniki ne wannan, a sayar maka da doki babu linzami?"

"Kai dai ba ka san ci gaba ba," in ji Alhaji Zulkifilu.

Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki. Murya ta riƙa tashi, mutane suka riƙa taruwa, wasu na bayan wannan, wasu na bayan wancan, har suka toshe ƙofar shago. Mata masu kawo gyara in sun hango taron maza sai su wuce gaba. Abba Gana yana ciki, ya riƙe ƙarfen liƙe waya, kansa na sarawa.

Wata rana suka kira shi ya raba gardama.

"Gana, fito ka gaya wa wannan mutumin gaskiya," in ji Alhaji.

Abba Gana ya fito yana goge hannu. "Alhaji, Baba Yuguda, wallahi ni ban taɓa riƙe ta ba. Ku ma ba ku taɓa ba. Ku bari ta fito mu gani mana."

Alhaji Zulkifilu ya yi tsaki. Ya juya ga abokinsa, a gaban jama'a, ya ce, "Ni na san damuwarka, Yuguda. Wanda ba shi da halin saye shi ke kushe kaya. Mai jiran fansho ina shi ina irin wannan?"

Malam Yuguda ya dubi abokinsa na shekara hamsin. Ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa, ya sa, ya tafi. Washegari bai zo ba. Jibi ma haka.

Bayan mako guda Alhaji ya shigo shago yana murmushi, ya miƙa wa Abba Gana wayarsa. Wani mai suna Khalifa ne ya yi talla a Facebook, wai yana da mai ninkewa guda uku, ɗan'uwansa ne ya fito da su ta bayan gida daga kamfanin.

"Alhaji, don girman Allah kada ka saya," in ji Abba Gana. "Abin da masu shi ba su fitar ba, ta ina ya biyo ya iso Gombe?"

"Hassada ce, don ba ta hannunka zan saya ba."

"Ba haka ba ne, Alhaji. In ma za ka saya, ka ce ya kawo nan in duba."

Alhaji ya karɓe wayarsa. "Kai da ka zo garin nan da buhu a ka, kai ne za ka koya mini sayayya? Ka tsaya a kan canza gilashin waya."

Maganar ta soki Abba Gana har cikin ƙashi. Ya tuna ranar da suka sauka a tasha, matarsa na goye da jariri, ba su san kowa ba. Amsa ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji," ya koma kan aikinsa.

Ranar Asabar Alhaji Zulkifilu ya sauko daga mota da kwali mai ƙyalli, a liƙe da leda. A tasha suka haɗu da Khalifa, kuma Alhaji bai yarda an buɗe a can ba, don yana so a fara ganinta a majalisa. Ya ma aika takanas a kira masa Malam Yuguda, wai ya zo ya ga abin da ya ce yaudara ce. Malam Yuguda ya zo, ya tsaya can gefe.

Abba Gana na ganin kwalin ya gane. Rubutun jikinsa ya karkace, kamar na masu buga katin biki. Ya matso ya rage murya. "Alhaji, shigo ciki mu buɗe mu biyu."

"A nan za a buɗe! Kowa ya gani!"

Ya yage leda, ya ɗaga murfi, ya zaro tab baƙa, ya ɗaga ta sama. Mutane suka yi ta leƙe.

Ɗan acaɓan nan ya ce, "To Alhaji, ninke ta mu gani."

Alhaji ya kama gefe da gefe ya danna. Ba ta motsa ba. Ya ɗora ta a gwiwa zai ƙara ƙarfi, Abba Gana ya yi wuf ya riƙe hannunsa.

"Za ka karya ta, Alhaji! Wannan ba ta ninkewa. Tsohuwa ce aka sauya wa baya."

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya ce ƙarya ne, a kunna ta, ƙila sai an kunna take yin laushi. Abba Gana ya kunna, ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa. Kafin minti guda fuskar ta kulle, rubutu ya fito da Turanci. Wani ɗalibi da ke wurin ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa:

"An sace mini wannan tab. Sunana Debby. Aikina na kammala makaranta yana ciki. Don Allah a kira wannan lambar."

Dariyar ta ɗauke. Alhaji ya ja Abba Gana cikin shago, gumi na tsattsafo masa.

"Gana, goge ta. Goge komai. Ka san yadda ake yi."

"Na sani, Alhaji. Amma ba zan yi ba."

"Zan sallame ka yadda ya kamata."

"Ba maganar sallama ba ce. Wahalar yarinyar mutane ce a ciki. Na san yadda mutum ke ji in ya rasa abinsa rana ɗaya."

Alhaji ya yi faɗa, ya yi barazana, ya ce zai sa a tashe shi daga shagon. Abba Gana ya bar shi ya gama, sannan ya danna lambar a gabansa.

Ba a yi awa guda ba keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wata budurwa ta sauko, ita ce Debby, 'yar Kaltungo, ɗalibar makarantar koyon jinya, tare da ɗan sanda, domin tun ranar da aka zare mata tab ɗin a cikin keke ta kai rahoto. Tana ganin ta a kan teburi ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo.

Ɗan sandan ya tambayi wanda ya kawo ta. Yatsu suka nuna Alhaji.

"Baba, sai ka biyo mu ofis ka yi bayanin yadda kayan sata ya zo hannunka."

Alhaji Zulkifilu ya waiwaya yana neman waɗanda suka yi mako uku suna mara masa baya. Wannan ya tuna yana da aike, wancan ya sa waya a kunne ya yi gaba. Benci ya zama wayam. Ya kira lambar Khalifa, a kashe.

Abba Gana ya tsaya a ƙofar shago yana kallon an sa shi a keke. Zuciyarsa ta ce masa, bar shi ya ɗanɗana. Mako uku ya hana ka ciniki, ya goranta maka gudun hijira. Ya yi tsaki mai ƙarfi, ya jawo ƙofa ya datse da kwaɗo, ya tare acaɓa.

Yana isa ofishin 'yan sanda ya tarar da wani ya riga shi. Malam Yuguda ne a gaban kanta, yana cewa, "Na san shi tun muna yara. Yana da baki, yana da son a sani, amma ba ɓarawo ba ne. Ni zan tsaya masa."

Abba Gana ya ba da shaida cewa a gabansa aka yage ledar kwalin, kuma ya ga tallar da idonsa. Aka duba saƙonnin da ke wayar Alhaji, aka ga yadda cinikin ya gudana. Suka rubuta bayani, Malam Yuguda ya sa hannu, aka sake shi kafin magariba, da sharaɗin ya dawo duk ranar da aka neme shi. Abin da ya ba Khalifa kuwa ya tafi ke nan.

A waje Alhaji ya kasa haɗa ido da kowa. Da ƙyar ya ce, "Yuguda, maganar da na faɗa maka..."

"Ta yi mini zafi," in ji Malam Yuguda. "Har yanzu tana yi. Amma ba a nan za mu yi ta ba. Mu je gida."

Alhaji ya juya ga Abba Gana, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na ci mutuncinka, ka rufa mini asiri. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Alhaji. Roƙona ɗaya ne: ku bar mini ƙofar shago in nemi abinci."

Debby na zaune a kan dakalin ƙofar ofishin, tab ɗin a cinyarta, tana buɗe shafukan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda ta yi tana rubuta shi, saura kwana tara ta miƙa. Babu abin da ya ɓata. Ta ɗago tana share ido, ta yi wa Abba Gana godiya har da rusunawa.

Alhaji ya matso yana sosa ƙeya. "'Yata, ki yi haƙuri. Wallahi ban san taki ba ce. Na ɗauka sabuwar nan ce, mai ninkewa."

Debby ta dube shi. "Wace sabuwa, Baba?"

"Wadda aka sanar mana. Wadda duk gari ake magana a kai."

Ta girgiza kai. "Ban ji ba. Muna ta jarrabawa."

Ta sa abinta a jaka, ta rungume jakar a ƙirji, ta tare keke ta tafi.

Darasi: Kada kwaɗayin abin da ba ka ko taɓa riƙewa ba ya sa ka wulaƙanta mutanen da ke riƙe da kai. Kayan zamani yau ne sabo, gobe tsoho, amma ranar da ƙafa ta zame, wanda ka raina da wanda ka ɓata wa rai su ne za su iya tsaya maka. Ka saurari mai sana'a a kan sana'arsa, ka kuma kiyaye harshenka a kan abokin arziki. In kana da wani Alhaji Zulkifilu a majalisarku, tura masa wannan labarin tun kafin ya je tasha.