Ranau da Agwagwar Fadama

Tun zamanin da giwa ke kiwo a bakin fadamun gabas, an yi wani maharbi mai suna Ranau. Kirarinsa shi ne: Ranau na tudu, ƙarfe ba ya cin ka, dawa ya san takunka. An ce idan ya yi tari zaki kan sauya hanya. Sai dai duk asirinsa na tudu ne, ko iyo bai iya ba.

Wata shekara mahara suka ƙone ƙauyensu. Ranau ya kwaso mata da yara, suka gudu har suka ci karo da fadama cike da ruwa. Ga ƙurar dawakin mahara a baya.

Ƙanensa Tambai, wanda girman kai ya yi wa katutu, ya hango dinya, ƙatuwar tsuntsuwa, tana yawo a tsakiyar ruwan. Ya ce, "Yaya, babba ai babba yake bi." Ya faɗa ta wajenta da mutanensa. Hularsa kawai aka gani.

Ranau ya tsuguna yana harara. Gefe guda ga wasu 'yan agwagin daji, ƙanana, masu launin laka da farin zane bisa ido, naman ɗaya ko miya ba zai isa ba. Ba sa nutso kamar tsuntsun kirki. Sai su dulmiya kai, su ɗaga gindi sama, ba kunya ba tsoron Allah. Ya ɗana kibiya don haushi, ya fasa. Ya ce, "Kibiyata ta fi ki daraja."

Can ya lura da taɓo a bakinsu. Tsuntsun da wuyansa bai wuce taƙi ba yana taɓo ƙasa, ashe nan ruwan bai kai gwiwa ba. Ya ce, "Ku goya yara. Inda suke kiwo za mu bi." Haka gwarzon ya bi gindin agwagwa har tsallake. Mahara suka iso, suka ga ruwa, suka juya.

A tsallaken ya kafa garin Mashigin Ranau, ya kuma rantsar da kowa a ce kada ne ya goya su. Har yau haka jikokinsa ke faɗa, suna hura hanci. Kowace shekara sukan shiga mashigin yi wa kadan godiya kamar yadda Ranau ya koyar: goshi a ruwa, gindi a sama. Ni dai na tsufa a bakin fadamar nan, ban taɓa ganin kada ya yi haka ba.