Tagar da Sallau Ya Ƙi Hudawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can zamanin da, ana ce masa Sallau. Saƙar zana da asabari ce sana'arsa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, in ka gan shi a kasuwa ko kallo na biyu ba za ka yi masa ba. Gidansa yana cikin wani matsattsen lungu, ɗaki biyu kacal. Na bakin hanya nasa ne shi da matarsa Gaje, na ƙurya kuma na mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tsohuwa mai ciwon ƙirji. Ɗakin nan na ƙurya ba taga, ba ko kafar da ɓera zai bi, ƙofa ɗaya tak.

Bayan ɗakin Iya gidan wani falke ne mai suna Jatau, bango ɗaya ya raba su. Ranar da Jatau zai bi ayari, ya tsaya a ƙofar Sallau ya ce, "Maƙwabci, ga iyalina nan. Bayan Allah, kai na bar wa." Sallau ya ce, "Na karɓa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya."

To, ku saurara. Sai Allah ya kawo wata bazara wadda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Tun hantsi ƙasa ba ta takuwa. Kaji suna faɗuwa matattu a gindin rumbu. Mutuwa ta shiga lungu-lungu tana ɗaukar tsofaffi da jarirai, har makara ta daina komawa masallaci, daga wannan gida sai wancan. In an ji sallama a ƙofa, gaba ne ke faɗuwa.

Ɗakin Iya ya koma tanda. Sallau bai zauna ba. Ya yayyafa ruwa a daɓe, kafin ya juya ya bushe. Ya jiƙa asabari ya rataya a ƙofa, ba iskar da za ta ratsa shi. Ya shigo da randa ya ajiye kusa da kanta. Gaje ta yi fifita har hannunta ya sage, zafin ne dai take juyawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Suka ce bari a fitar da Iya inda akwai inuwa. Suna ɗaga ta numfashinta ya ɗauke, idanu suka kakkafe, suka mayar da ita da sauri. Daga nan ba wanda ya sake gigin motsa ta.

Sallau ya ruga ya kira Nomau magini. Nomau ya shiga, ya fito yana sharce gumi, ya ce, "Sallau, iska ba ta shiga ɗakin da ba ta ga mafita ba. Sai an huda taga. Kuma ta sama ba ta amfanin mai kwance, sai daidai ƙirjin mutum. Ga bangon baya nan, durumin gidan Jatau yana kansa, iskar da ke wajen mai sanyi ce. Ba ni diga, yanzu na gama."

Sallau ya ce, "Bangon nan tsakar gidan Jatau yake kallo."

Nomau ya ce, "Na sani. Uwarka fa ba za ta kai magariba a haka ba."

Aka aiki Gaje wajen uwargidan Jatau. Matar ta fashe da kuka, ta ce, "Wallahi ina jin nishin Iya ta cikin bango, ba na iya cin abinci. Amma ni ba ni da bakin ba da izini. In maigida ya dawo ya tarar da taga a kan 'ya'yansa mata, aurena ne."

Gaje ta dawo ta durƙusa gaban mijinta. "Malam, ka huda. In ya dawo mu ba shi haƙuri. Haƙuri ana bayarwa, rai ba a mayarwa."

Jama'a, ku sa kanku a wurin mutumin nan. Ga uwarsa kwance, baki buɗe, ƙirji na hawa da sauka. Tsoro ya kama shi, tsoron da bai taɓa ji ba. Ya ɗauki diga da hannunsa, ya shiga ɗakin, ya ɗaga. Yana ɗagawa sai ya ji motsi ta bayan bango: ƙarar ruwa, da muryoyin mata. Zafi ya kore su daga ɗakuna, suna gindin durumi suna watsa ruwa a jiki, ba mayafi ba komai, sun saki jiki don sun san bango na tsare su. Wani tsoro ya zo ya danne na farko. Ya ce a ransa, yau in na huda, duk mai shigowa duba Iya idonsa zai faɗa cikin gidan mutumin da ya ba ni amana. Me zan ce ranar da za a tsayar da ni?

Ya sauke diga. Ya fito yana hawaye ya ce, "Nomau, ba wata hanya?"

Nomau ya ce, "Akwai, amma ba mai hankalin da zai bi ta. Bangon gefe. Ɗakinka ne ya tare shi. Sai an rushe ɗakinka kafin iskar hanya ta iso."

"Rushe shi."

"Kai, Sallau! Damina na bakin ƙofa, ina za ku kwana? Kuma gidanka zai zama fili, duk mai wucewa ya ga tukunyarka."

Sallau ya ce, "Tawa ce tukunyar. Rushe."

Cikin tsakar ranar nan suka hau aiki. Mutane suka taru suna cewa zafi ya taɓa ƙwaƙwalwar Sallau. Shi ko ko ɗaga kai bai yi ba, kunnensa na ɗakin ƙurya. Duk sanda nishin ya yi shiru sai ya yar da diga ya ruga, ya tarar da sauran rai, ya dawo ya ci gaba. Gab da la'asar ɗakinsa ya zama tarin ƙasa. Aka huda taga a bangon gefe, ya kafa zana a gabanta, Gaje ta kwara wa zanar ruwa. Iska ta ratso jiƙaƙƙiyar zana, ta bi ta kan tsohuwa, ta fita ta ƙofa.

Suka tsaya cirko-cirko. Can Iya ta ja wani dogon numfashi, ta sake ja, ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa. Da ta sha, ta tambayi wace ƙara ce take ta ji. Gaje ta faɗa mata duk yadda aka yi. Tsohuwa ta dubi ɗanta ta ce, "Sallau, da ka huda wancan bangon, da ban yafe maka nonon da ka sha ba. Allah ya yi maka albarka."

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake: kada ka sayi sanyinka da cutar maƙwabcinka. In dole sai an rushe wani abu, naka za ka rushe. Mu fa yau? Ka ɗora bene, ka buɗe taga a kan tsakar gidan mutane, matansu sun koma zaman ɗaki cikin zafi saboda kai. Ka sa na'urar sanyaya ɗaki, ka juya bayanta tana hura wuta a tagar talaka, ruwanta na cin gindin bangonsa. Ka tayar da janareta don fankarka ta juya, hayaƙin na shiga ɗakin jaririn wani, kai kana minshari. Ka ce ai gidanka ne.

Ku ji tsoron Allah. Akwai wani ɗaki da ke jiran kowannenmu, ƙunci gare shi, ba fanka, ba magini, ba mai fifita. Ba a huda masa taga daga ciki. Abin da ka yi wa maƙwabcinka a nan, shi za ka tarar a can, ko iska ko wuta. Allah ya sanyaya mana makwanci.