Gona Ɗaya, Mai Ita Ɗaya

Attahiru ɗan Dogon Daji ya iya kwamfuta, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya, idan ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Wata ƙungiyar manoma a Kebbe ta ɗauke shi ya gina mata rumbun bayanai na gonakin fadama, don a ba kowa takardar shaida. Ya yi jadawalin mutane, ya yi na gonaki, ya bar wa kowace gona gurbin suna ɗaya tak. Abokin aikinsa Ladan ya ce masa gonar gado ta mutane da yawa ce, kuma mutum ɗaya kan sami rabo a gona uku, don haka a yi jadawali na uku, kowane layi ya haɗa mutum da gona da rabonsa. Attahiru ya ce wannan ɓata lokaci ne, gona ɗaya mai ita ɗaya.

Wata dattijuwa, Dada, ta zo ta rubuta gonar ubansu. Bayan kwana biyu ƙanenta Maccido ya zo ya rubuta gonar nan dai, sunansa ya hau gurbin, nata ya goge. Da takarda ta fito da sunansa kaɗai, sai kwaɗayi ya shige shi, ya hana ta shuka albasarta.

Dada ta hau acaɓa har ofis, ta sami Attahiru, ta ƙi zama.

"Ɗana, mu fuɗu munka gaji gonar ga. Allah ya raba gado cikin Littafi nai, injin naka bai isa shi sake rabawa ba."

"Inna, abin da ke cikin kwamfuta shi ne."

"To kwamfutar ta taho ta fisshe ni daga gonar."

Washegari ta shiga gonar da fartanya, ta yini tana aiki, babu wanda ya iya ɗaga ta. Da malaman gari suka bincika, aka sami gida goma sha ɗaya da irin wannan rikici. Aka sallami Attahiru. Ladan ya gyara rumbun a yini guda, sunan Dada ya dawo. Amma har Maccido ya rasu, ita da shi ba su sake gaisawa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona rai.

Darasi: kafin ka zana jadawali, tambayi mutane yadda suke haɗe da juna da abin da suka mallaka. Inda masu abu suke da yawa, ka ba kowa layinsa. Mai girman kan da ya ƙi tambaya, zumuncin wasu yake yankewa.