Ƙyauren Da Ya Ƙi Sarki

A zamanin da ya shuɗe an yi wani sarki a Birnin Tsamiya, dattijo mai son bin diddigin al'amura. Al'adar garin ita ce, idan damina ta kusa, sarki da hannunsa yake tura ƙyauren taskar hatsi a gaban jama'a, a raba wa manoma iri. A wannan shekara ya tura, ya sake turawa har rawaninsa ya karkace, ƙyauren bai motsa ba. Fadawa suka ce laifin mai gadin taskar ne, tsoho Barmo, wai bai shafa wa ƙyauren mai ba, a kore shi daga gari.

Suwaiba, amaryar Waziri Ukasha, tana bayan labule ta ji manzon sarki yana isar wa mijinta tambaya: "Sarki ya ce, ƙarfinsa ne ya tafi, ko ƙyauren ne ya ƙara nauyi? Amsarka ce za ta yanke wa Barmo hukunci."

Barmo dai kawunta ne, a hannunsa ta girma. Ita kuwa ranar tana cikin mata 'yan kallo, ta kuma lura da abin da ya wuce wa kowa. Sabon Shamaki ya ga bakin ƙyauren ya yi baƙi ƙirin da hannayen talakawa, ya ce bai dace hannun sarki ya taɓa wurin ba, sai ya shimfiɗa darduma can gindin ƙyauren, daf da inda yake manne da bango, don sarki ya tsaya a kai ya tura. Tun tana yarinya ta san ta baki takan tura ƙyauren nan da hannu ɗaya, ta gindi kuwa ko kawu sai ya yi nishi. Dalilin ne ba ta sani ba.

Sau biyu ta buɗe baki za ta gaya wa Waziri, kunya ta hana ta. Da safe sai ta shanya jiƙaƙƙen zane a bakin ƙyauren zaurensa. Waziri ya fito cikin farar riga, ya kauce wa jiƙa, ya tura ta gindi, ya ji ƙofar da ya saba da ita ta zama dutse. Ya tsaya. Ya matsar da hannu ya gwada, ya ƙara matsarwa ya gwada, har ya manta da rigar.

"Wa ya yi shanya a nan?"

"Ni ce, Malam. Igiya ce ta cika."

A fada Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Allah ya ja zamanin sarki, ƙarfinka yana nan, ƙyauren ma bai sauya ba, wurin tsayuwa ne aka sauya maka. Gwargwadon nisan hannu daga gindin ƙyaure, gwargwadon sauƙin juya shi. Ina roƙon ka sa hannu inda talakawa suke sawa."

Sarki ya je ya ɗora tafinsa a kan baƙin nan, taska ta buɗe. Ya bar wa Barmo aikinsa, ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ce: "Mai mulki in ya ƙyamaci wurin da hannun talakawa yake, ƙaramin abu zai gagare shi, ya kuma hukunta marar laifi."

Da labari ya iso gida Suwaiba tana ninke zanen, ya riga ya bushe. Ta sa shi a ƙasan adaka, ta ƙudura ko kawu ba zai ji dabarar da ta yi ba.