Maigidan Jatau

Shekarar da ambaliya ta cinye ƙauyen Gangare, gwamnati ta gina gidaje, ta ce na marasa gida ne. Jatau da iyalinsa a rumfar kasuwa suke kwana, amma shugaban rabo, Alhaji Nadabo, ya soke sunan Jatau ya sa na nasa ƙanin. Jatau ya kai ƙara.

A gaban alƙali Alhaji ya ce, "Da kunnena na ji matarsa ta ce masa maigida. Mai gida kuwa ba ya cikin rabo."

Alƙali ya ce, "Jatau, kawo shaidar ba ka da gida, ko ka haƙura."

Jatau ya sosa ƙeya, ya juya wajen Alhaji ya russuna. "Maigidana!"

Alhaji ya gyara zaman hula. "Na'am, ina jin ka."

"Allah gafarta Malam, ka ji ya amsa. In suna shaida ne, ga mai gidana nan, a ce ya ba ni abina. In ba shaida ba ne, a mayar da sunana."

Alƙali ya dubi Alhaji. "To, wanne za a ba shi, naka ko na gwamnati?"

Nan take Alhaji ya tuna na gwamnati ya fi shan iska.