Ukun da Ta Ɗaga Mota

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta.

Akwai wani tsohon mai walda da ake kira Baba Tambaya. Duk baƙon da ya shigo garejinsu, sai ya ba shi kujera ya ce, "Ɗana, da yarenku yaya ake cewa uku?"

A haka ya ji Fulani na cewa tati, Zabarmawa ihinza, Larabawa salasa. Ranar da ya gano daga salasan nan sunan Talata ya fito, har rawa ya taka.

Bakaniken da ke gefensa, mijin 'yarsa ne, yakan yi dariya. "Baba, ukun nan ita za ta liƙe maka salansa? Ka bar mutane su huta mana!"

Wata rana bakaniken yana ƙarƙashin wata motar baƙi, sai jak ya goce. Mota ta danne masa ƙafa!

Ya kurma ihu. Fasinjojin motar, da Bafulatani da Bazabarme da Balarabe, suka rugo suka kama mota, amma ba mai jin yaren wani. Wannan ya ɗaga, wancan bai shirya ba. Mota ta ɗan tashi, ta koma.

"Wayyo ƙafata! Baba, za su ƙarasa ni!"

Baba Tambaya ya yar da tabaraunsa. Ya ɗaga yatsu uku, ya nuna sama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, tati!" Mutumin ya gyaɗa kai.

"Kai, ihinza!" Idon wannan ya buɗe.

"Kai kuma, salasa!"

Sai ya daki bonet sau ɗaya, kowa ya ƙirga da yarensa. Ya sake duka. A bugu na uku gareji ya ɗauka: "Uku! Tati! Ihinza! Salasa!"

Mota ta tashi cak! Aka janyo bakanike da ƙafarsa. Ta kumbura, amma ba ta karye ba.

Yana kwance yana haki, ya kamo hannun surukinsa. "Baba, ka yafe mini. Wancan mai jar hular fa, yaya suke cewa huɗu?"

Tsoho ya ce, "Tashi ka ba shi kujera, ka tambaye shi da kanka."

Darasi: Kada ka raina wanda ke son sanin harshen maƙwabcinsa. Kalma ɗaya da ka koya daga bakin baƙo tana iya cetonka. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!