Kunun Baba Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa da kyau, ba na son gunaguni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Da sanyi ya kama, Bushiya ta shirya walimar sabon gero a gidanta. Kurege mai rawar kai ya ce, "Yaya, a dama kunun tsamiya tun da safe, a soya ƙosai, kowa ya zo ya tarar."

Bushiya ta ce, "Baba Kunkuru fa? Kullum shi ne ƙarshen zuwa. Shekara nawa yana shan kunu mai sanyi, bai taɓa cewa komai ba. Ba za a dama ba sai na hango shi."

Baƙi suka zauna suna hamma, Kurege yana ta mita. Sai da rana ta take tsohon ya ɓullo. Nan take ta dama, ta cika masa ƙoƙon farko.

Bai san ana hurawa ba, ya kurɓa da yawa. Hawaye suka zubo masa.

Ta ce, "Baba, ka hura mana."

Ya ce, "Bar ni, 'yata. Ashe haka yake ƙona baki." Ya shanye, ya sake miƙo ƙoƙon.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare. Ku tashi haka nan.